Birai a binciken zazzaɓin cizon sauro: abin da suka tona da inda suka ruɗi masana

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, idan damana ta kankama, gidajen likita na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan cika da yara masu zafin jiki, wasu da amai, wasu har da jijjiga. Shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi kira palu a cikin gari. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, sun nuna cewa a shekarar 2023 an kamu da cutar kimanin sau miliyan 263 a duniya, ta kashe mutum wajen 597,000, kuma kusan kashi 6 cikin ɗari na mamatan a Nijar suke. Najeriya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ne kaɗai suka fi Nijar asarar rayuka.

Yawancin abin da likitoci suka sani a yau game da wannan cuta an fara ganin sa ne a jikin dabba kafin a tabbatar da shi a jikin mutum. Tsuntsaye sun ba da nasu, ɓeraye sun ba da nasu, amma manyan asiran da suka daɗe suna gagarar masana a jikin biri aka tona su: inda ƙwayar cutar take ɓuya bayan cizon sauro, dalilin da ya sa wani zazzaɓin yake dawowa bayan watanni, da ƙofar da take bi ta shiga cikin jini. Birin ya kuma taɓa sa duniya murnar da ta koma ciki, a kan allurar rigakafin da ta kare shi amma ta kasa kare yaran Afirka.

Me ya sa sai biri?

Ƙwayar da ke haddasa palu sunanta Plasmodium. Likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ne ya fara ganinta cikin jinin majiyyaci a garin Constantine na Aljeriya a 1880. Irinta sun haura ɗari, kuma kowace tana da wanda take kamawa: akwai ta tsuntsaye, ta ƙadangaru, ta ɓerayen daji, ta birai. Huɗu ne aka daɗe da sani a jikin mutum: falciparum, vivax, ovale da malariae. Falciparum ce mai kisa, ita ce kuma ta mamaye Nijar da maƙwabtanta.

Wannan zaɓe da ƙwayar take yi shi ne ciwon kan mai bincike. Idan aka zuba jinin mai falciparum a jikin kaza, akuya ko ɓera, ƙwayar mutuwa take yi. Birai na Afirka da Asiya ma, dangin jan biri da bika da ake gani a dajin W, ba ta kama su yadda take kama mutum. Saboda haka masana na farko suka koma ga dabbobi masu nasu palu. Ronald Ross da tsuntsaye ya nuna a Kalkata ta Indiya, a 1898, yadda ƙwayar take bi ta cikin sauro ta koma jikin wani. A 1948 aka gano Plasmodium berghei a jikin wani ɓeran daji a Katanga ta Kwango, aka iya sa ta cikin ɓerayen ɗakin bincike, masu araha da saurin haihuwa. Har yau da su ake fara gwada yawancin magunguna.

Sai dai tsakanin ɓera da mutum akwai nisa. Jininsu, hantarsu da garkuwar jikinsu sun bambanta, kuma ƙwayar ɓera ƴar'uwa ce ta nesa ga ta mutum. A jikin mutum kuwa akwai iyaka. An yi zamanin da ake sa wa mutane palu da gangan: daga 1917 likitan Ostiriya Julius Wagner-Jauregg ya riƙa yin haka domin zafin zazzaɓin ya kashe ciwon tunjere da ya hau ƙwaƙwalwa, har aka ba shi kyautar Nobel a 1927, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an gwada magunguna a kan fursunonin kurkukun Stateville a Amurka. Amma babu mai bincike da zai iya yanka mutum ya bi sassan jikinsa ɗaya bayan ɗaya yana neman maɓoyar ƙwaya. Nan ne karin maganar Hausawa, biri ya yi kama da mutum, ta zama hanyar aiki.

Hanyoyin biyu ne. Ko dai a ɗauki birin Asiya a sa masa ƙwayar birai wadda halinta ya yi kama da ta mutum, ko kuma a ɗauki wasu ƙananan birai na Kudancin Amurka waɗanda aka gano ƙwayar mutum tana iya rayuwa a jikinsu. Wanda ya fi shan wahala a hanya ta farko shi ne birin resus na Indiya da Sin. Duk wanda ya taɓa ganin kalmar resus a katin rukunin jininsa ya riga ya ci karo da sunan wannan biri, domin daga gare shi aka samo ta.

Mako guda da ƙwayar take ɓacewa

Tun farkon ƙarni na 20 likitoci sun lura da wani abin ɗaure kai. Idan sauro mai ɗauke da cutar ya ciji mutum, cikin ɗan lokaci ƙwayar takan ɓace daga jini. A yi ta duba jinin a madubin likita, babu ita. Sai bayan kamar mako guda ta bayyana da yawa, zazzaɓi ya biyo baya. Ina ta shiga? Wani shahararren masanin Jamus, Fritz Schaudinn, ya ce a 1903 ya gani da idonsa ƙwayar tana kutsawa kai tsaye cikin jan ƙwayar jini. Babu wanda ya iya maimaita abin da ya ce ya gani, amma girman sunansa ya sa maganar ta zauna cikin littattafai shekaru da dama.

Wanda ya buɗe hanyar shi ne P. C. C. Garnham, likitan Ingila da ke aiki a Kenya, wanda a 1947 ya ga wata ƙwaya ƴar'uwar Plasmodium tana girma cikin hantar biran ƙasar. Da ya koma Landan, shi da Henry Shortt suka ɗauki birin resus, suka bar ɗaruruwan sauro masu ɗauke da Plasmodium cynomolgi suka cije shi, sannan suka niƙe sauron suka yi masa allurarsu, domin ƙwayoyin su yi yawan da ba za su ɓuya ba. Bayan mako guda suka kashe birin, suka yayyanka sassan jikinsa siriri-siriri suna dubawa. A cikin hanta suka same ta, ta kumbura, cike da ƴaƴa. A 1948 ke nan. A wannan shekarar suka tabbatar da haka ga vivax a guntun hantar mutum da aka ciro ta hanyar tiyata, a 1949 kuma ga falciparum.

Ma'anar wannan ga mai jinya a yau babba ce. Ƙwayoyin da sauro yake zubawa ba su da yawa, amma kowace ɗaya da ta isa hanta tana iya fitowa da ƴaƴa har kimanin 30,000, mutum bai ji komai ba tukuna. Wanda ya tare ta kafin ta shiga hanta ya kashe wuta tun tana ƙarama. A kan wannan tunani aka gina alluran rigakafi biyu da OMS ta amince da su, RTS,S a watan Oktoban 2021 da R21 a watan Oktoban 2023. Nijar ta soma ba yara RTS,S a watan Satumban 2024, an yi bikin ƙaddamarwa a Gaya cikin jihar Doso. Tushen allurar daga gwajin ɓeraye ya fito, wanda Ruth Nussenzweig da abokan aikinta suka yi a New York a 1967, amma lokacin da ake neman sinadarin da za a haɗa da ita don ya zaburar da garkuwar jiki, an gwada haɗe-haɗen a jikin biran resus a cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed.

Mai barci a cikin hanta

Saura tambaya ta biyu. Sojoji da matafiya da suka kamu da vivax a Asiya sukan koma Turai, inda babu sauron da zai sake cizon su, amma bayan wata uku, ko shida, ko shekara, zazzaɓin ya tashi. Cynomolgi haka take yi wa birin resus, shi ya sa ta zama madubin vivax. A 1980 Wojciech Krotoski, tare da Garnham da wasu, ya ga wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi a hantar biri waɗanda ba su girma ba, ba su kuma mutu ba, suna kwance kawai. A 1982 aka ga irinsu na vivax a hantar cimpanzi. Sunan da aka ba su, hipnozoyit, ma'anarsa mai barci. Su ne suke farkawa ɗaya bayan ɗaya su sake cika jini.

Akwai abin lura a nan ga mazauna Sahel. Falciparum ba ta da masu barci. Idan yaro ya sha magani zazzaɓin ya dawo bayan mako biyu ko uku, galibi ɗayan biyu ne: ko maganin bai gama kashe ƙwayoyin da ke cikin jini ba, sau da yawa saboda an daina sha da zarar jiki ya yi sanyi, ko kuma sabon sauro ne ya cije shi. Ovale, wadda ake samu jefi-jefi a Afirka ta Yamma, ita tana da masu barci kamar vivax.

Magungunan kashe masu barcin a jikin biri aka tace su. Leon Schmidt a Amurka ya kwashe shekaru yana gwada sinadarai a kan resus masu cynomolgi, yana ƙirga kwanakin da zazzaɓi zai yi kafin ya dawo. Primaquine, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1950, da tafenoquine, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 kuma sau ɗaya ake shan sa, duk sun bi ta wannan gwaji. Amma akwai haɗarin da birin bai nuna ba. Waɗannan magunguna suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mutanen da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, kuma ƙarancin ya yawaita a Afirka. A jikin fursunoni baƙar fata na Stateville aka gano dalilin, a shekarun 1950. Shi ya sa ake son a auna jinin mutum kafin a ba shi cikakken maganin.

Ƙwayar da take sake riga

A 1931, a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Kalkata, an ga wata ƙwaya a jinin wani birin makak mai doguwar wutsiya da aka kawo daga Singafo. Shi birin lafiyarsa lau. Da aka sa jininsa a jikin resus, sai ƙwayar ta cinye jinin resus ɗin ta kashe shi. Robert Knowles da B. M. Das Gupta suka yi nazarinta a 1932, suka nuna tana iya kama mutum idan an yi masa allurar jinin, aka raɗa mata suna knowlesi. Sa'o'i 24 kawai take ɗauka ta ninka kanta a jini, alhali falciparum da vivax 48 suke ɗauka.

Ƙwaya guda, biri biyu, ɗaya ya rayu da ita ɗaya ya mutu: wannan ya ba masana damar tambayar abin da ke raba mai tsira da mai mutuwa. Da ita K. N. Brown da I. N. Brown suka nuna a Landan, a 1965, cewa ƙwayar tana canza sinadaran da take shimfiɗawa a bayan jan ƙwayar jinin da ta shiga. Da zarar garkuwar jiki ta gane rigar da ta sa, sai ta sake wata. Sai bayan shekara 30, a 1995, aka gano ƙwayoyin gadon da falciparum take yin irin wannan dabara da su, wajen 60 a kowace ƙwaya. Wannan ne ya bayyana abin da kowace uwa ta sani ba tare da karatu ba: ƙaramin yaro sai ya kamu sau da yawa kafin jikinsa ya yi ƙwari, babba kuma ya kan tashi da ɗan ciwon kai da kasala kawai. Jikin babban ya riga ya ga riguna da yawa.

Knowlesi ce kuma ta amsa tambayar da ta shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Vivax ta bazu daga Indiya har Barazil, ta taɓa kaiwa har arewacin Turai, amma a wannan yanki da sauro ya fi ko'ina ba a cika ganinta ba. A 1975 Louis Miller da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki hoton bidiyon knowlesi tana shiga jan ƙwayar jini, suka kuma lura ta kasa shiga jinin mutanen da ba su da wani tambari mai suna Duffy a bayan ƙwayoyin jininsu. A 1976 suka gwada da vivax a jikin ƴan sa-kai, aka samu haka nan. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma an haife su babu wannan tambari, wato ƙofar vivax a rufe take. Rufin bai cika ɗari bisa ɗari ba: a 2010 an samu rahotannin vivax a jikin marasa Duffy a Madagaska, daga baya a Habasha, Kamaru da Mali.

Biran dare na Kudancin Amurka

Yawancin wannan aiki da ƙwayar birai aka yi shi. Ƙwayar mutum kanta a 1966 aka samu wani ƙaramin birin da zai ɗauke ta, lokacin da Martin Young da abokan aikinsa a cibiyar Gorgas ta Panama suka sa vivax a jikin Aotus. Ɗan ƙaramin biri ne da nauyinsa yake wajen kilo guda, mai manyan idanu kamar na mujiya, da dare yake yawo. A 1967 aka yi nasarar sa masa falciparum a Jami'ar Stanford. Wani ƙaramin birin, Saimiri, shi ma ya shiga aikin, kuma Cibiyar Pasteur ta Cayenne, a Giyana ta Faransa, ta daɗe tana kiwon sa saboda haka.

Abin bai zo da sauƙi ba. Sai an yi ta juya ƙwayar daga biri zuwa biri kafin ta saba, kuma sau da yawa sai an yi wa birin tiyata an cire masa saifa, wadda take tace jini ta kama ƙwayoyin. Biri marar saifa, da ƙwayar da aka horar, an riga an yi nisa da abin da ke faruwa a jikin yaro a ƙauye. Duk da haka Aotus ya yi amfani ƙwarai wajen magani. Lokacin yaƙin Biyetnam, da falciparum ta daina jin chloroquine, a jikinsa aka gwada sababbin magunguna irin mefloquine a kan ƙwayoyi masu taurin kai. A Sin kuma, Tu Youyou ta gwada ruwan tazargade da ta tace a kan ɓeraye da birai a 1971 kafin ita da abokan aikinta su sha da kansu. Daga nan artemisinin ya fito, wanda shi ne ƙashin bayan Coartem da sauran magungunan da ake bayarwa a CSI a yau.

Aotus ne ma ya ba da irin da ya rage buƙatarsa. A 1976 William Trager da James Jensen a Jami'ar Rockefeller ta New York suka ɗebi falciparum daga jikin wani Aotus, suka zuba ta cikin jinin mutum a ƴan faranta, ta ci gaba da hayayyafa ba iyaka. Wata dabarar da suka yi amfani da ita mai sauƙi ce: a sa farantan cikin tulun gilashi, a kunna kyandir a ciki, a rufe, idan ya mutu iskar ta koma yadda ƙwayar take so. Tun daga nan ɗakunan bincike ko'ina a duniya suke iya kiwon falciparum ba tare da dabba ba.

Allurar da ta kare biri ta kasa kare yaro

A 1987 wani likitan Kolombiya, Manuel Elkin Patarroyo, ya ba da sanarwar cewa ya haɗa allurar rigakafi mai suna SPf66 wadda ta kare biran Aotus daga falciparum. Tashar gwajinsa tana Leticia, a bakin kogin Amazon, inda mafarautan yankin suke kamo masa birai daga daji. Labarin ya zagaya duniya, musamman da ya kasance masanin ƙasa mai tasowa ne, kuma ya miƙa haƙƙin mallakar allurar kyauta ga OMS.

Sai aka kai ta fagen gaske. A Tanzaniya, sakamakon 1994 ya nuna kariyar kashi 31 cikin ɗari, kuma masana suka yi ta gardama a kan ƙarfin hujjar. A Gambiya, a 1995, jarirai sun samu kashi 8 kawai, abin da bai wuce dace ba. A Tailan, a 1996, babu kariya ko kaɗan. Aka jingine ta. Birin da aka sa wa ƙwaya iri guda, sau ɗaya, ta allura, a ranar da mai bincike ya zaɓa, ba daidai yake da jaririn da sauro yake cizo kowane dare har wata huɗu ba, kowane cizo da irin ƙwayarsa, ga tamowa, ga tsutsar ciki.

Bai kamata a ce gwajin Aotus banza ne ba. A 2015 ƙungiyar Simon Draper ta Jami'ar Oxford ta nuna a Peru cewa allurar da aka gina kan wani sinadarin ƙwayar mai suna RH5 ta kare Aotus daga falciparum mai tsanani, ko da irin ƙwayar ya bambanta da wanda aka yi allurar da shi. An kai ta Nanoro a Burkina Faso, aka gwada a kan yara ƴan wata 5 zuwa 17, kuma sakamakon da ya fito a ƙarshen 2024 ya nuna kariyar kashi 55 cikin ɗari a tsawon wata shida ga waɗanda aka jinkirta wa allura ta uku. Ita wannan a cikin jini take tarar ƙwayar, bayan ta fito daga hanta, don haka ana tunanin haɗa ta da irin su R21. A duka labaran biyu birin ya ce a gwada, amma hukuncin a Afirka aka yanke shi.

Palu mai hawa ƙwaƙwalwa, wanda ya fi ɗaukar ran yara, shi ne wurin da dabbobi suka fi gazawa. Akwai ƙwayoyin birai irin su coatneyi da suke manne wa jijiyoyin jini kamar falciparum, an kuma gwada knowlesi a jikin bika a cibiyar binciken birai ta Nairobi, har da masu ciki, don a ga abin da cutar take yi wa mahaifa. An koyi abubuwa, amma babban ci gaban jinya daga gadon asibiti ya fito: gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka tara, wanda ya nuna a 2010 cewa allurar artesunate ta fi quinine ceton yara.

Idan cutar ta tsallako

Masana sun daɗe suna ɗaukar palun birai a matsayin abin ɗakin bincike kawai. A 1960 Don Eyles, yana aikin feɗe sauro masu cynomolgi a Memphis ta Amurka, ya kwanta da zazzaɓi, aka duba aka ga ƙwayar birai ce. A 1965 wani Ba'amurke mai aikin safiyo ya kamu da knowlesi a dajin Pahang na Malesiya. Aka ɗauka tsautsayi ne. Sai a 2004 Balbir Singh da Janet Cox-Singh suka bincika jinin majiyyata 208 a Kapit, a tsibirin Borneo, suka tarar 120 knowlesi ke damun su, alhali a madubi an ɗauka malariae ce. Yanzu ana lissafa ta ta biyar cikin masu kama mutum. Malesiya ta daina samun sauran nau'o'in huɗu a cikin gida tun 2018, amma mutane dubbai suna kamuwa da knowlesi kowace shekara, galibi masu aiki a gonaki da bakin dajin da ake sarewa. Gidan sauro da magani ba sa isa ga birin da ke kan itace.

Falciparum ita ma baƙuwa ce a jikin mutum. A 2010 ƙungiyar Beatrice Hahn ta bincika kashin manyan birai na dazuzzukan Afirka ta Tsakiya, kusan samfuri 3,000, ba tare da an kama ko guda ba. Sakamakon ya nuna falciparum ta mutum reshe ce guda daga cikin ƙwayoyin gorila na yammacin yankin.

Abin da birin yake biya

Ana cire masa saifa, ana ɗibar jininsa kullum, ana barin zazzaɓi ya ci shi har ya kai matakin da aka tsara, wani lokaci a kashe shi don a duba hanta. Dabba ce mai zama cikin dangi, mai tsoro da baƙin ciki, kuma keji ba daji ba ne. A shekarun baya daga daji ake kamo su dubbai. Kolombiya da Peru sun hana fitar da biransu a farkon shekarun 1970, Indiya ta hana fitar da resus a 1978 bayan ta ji ana gwajin makaman soja a kansu a Amurka. Patarroyo kansa ya sha shari'a: mai kare namun daji Ángela Maldonado ta kai ƙara cewa ana shigo masa da birai daga Peru da Barazil ba bisa doka ba, kuma ana sakin waɗanda aka gama da su cikin daji. A 2012 kotu ta soke izininsa na kamu, a 2015 aka maido masa bisa sharuɗɗa.

Ƙa'idar da ake bi yanzu, wadda Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959, ita ce a maye gurbin dabba idan da hali, a rage yawanta, a kuma sassauta mata wahala. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta hana gwaji a kan manyan birai irin cimpanzi da gorila in ban da wani hali na musamman, Amurka kuma ta daina ɗaukar nauyin irin wannan gwaji a kan cimpanzi a 2015. Manyan cibiyoyi, kamar ta Rijswijk a Holan da ta Jami'ar Emory a Atlanta, biran da aka haifa a gida suke amfani da su. Tsada ma ta zama birki: da Sin ta dakatar da fitar da birai a 2020 saboda korona, farashin guda ya kai dubban daloli masu yawa, a 2022 kuma aka sa makak mai doguwar wutsiya cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Madadin suna ƙaruwa. Akwai ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin hantar mutum, waɗanda falciparum take girma a cikinsu. Tun 2013 ana kiwon knowlesi cikin jinin mutum a faranti. Ana kuma sa wa manya ƴan sa-kai falciparum da saninsu, ƙarƙashin kulawar likita, a ba su magani da zarar ta bayyana a jini, an yi haka a Bagamoyo ta Tanzaniya, Kilifi ta Kenya da Lambaréné ta Gabon. Inda aka tsaya shi ne vivax. Jajayen ƙwayoyin jini sababbin fitowa kawai take shiga, shi ya sa har yanzu ba a iya kiwon ta a faranti kamar falciparum, kuma masu barcinta sai a hanta. A 2014 wani masanin Mali, Laurent Dembélé, yana aiki a ɗakin binciken Dominique Mazier a Paris, ya nuna ana iya ajiye masu barcin cynomolgi cikin ƙwayoyin hantar biri a faranti na tsawon makonni, har a ga suna farkawa. Da hantar biri guda ana iya gwada sinadarai da dama waɗanda a da kowanne sai an ware masa nasa biran. Dembélé ya koma Bamako, inda yake ci gaba da aiki a kan ovale da malariae da ake samu a jinin majiyyatan Mali.